Kuɗin inshorar lafiya kafin cika 65: amsa ga Alhaji a Bronx

Wani Alhaji ya rubuto daga Bronx a birnin New York. Shekarunsa 61, ya daɗe da samun fasfon Amurka, inshorar lafiyarsa ta wurin aiki ce. Gwiwa ta fara damunsa, yana so ya ajiye aiki ya koma Houston wurin ɗansa. Ya ce: "Sa'ana da ke Maryland ya faɗa mini abin da yake biya a wata, ɗana ya duba mini na Houston, sai na ga ya ɗara sosai. Don mu baƙi ne ake cutarmu? Ko in tafi gida kawai sai na cika 65?"

Alhaji, Allah ya ƙara lafiya. Ba cuta ba ce, kuma ba ruwan kamfanin da inda aka haife ka. Tun da dokar nan da ake kira Obamacare ta fara aiki sosai a 2014, abubuwa kaɗan aka yarda kamfani ya duba wajen yanka farashi: shekaru, wurin zama, shan taba, yawan mutanen da za a saka, da matakin tsarin da aka zaɓa. Hawan jini ko ciwon suga ba sa cikinsu, ba a ƙara maka ko sisi saboda su.

Shekaru ne suka fi cizo. A yawancin jihohi an yarda a caji mai shekara 64 har ninki uku na abin da ɗan shekara 21 ke biya, kai kuwa ka kusa ƙololuwa. New York da Vermont ba su yarda da wannan ba, yaro da dattijo kuɗinsu ɗaya. Massachusetts ta tsaya a ninki biyu. Texas na bin ninki ukun. Ranar da adireshinka ya koma Houston, shekarunka sun shiga lissafi.

Sai wurin zama. Kowace jiha ta kasa kanta yanki-yanki, kowane yanki da farashinsa, har ƙananan hukumomi biyu masu maƙwabtaka kan sha bamban. Inda asibiti ɗaya ne tilo a faɗin yanki, abin da ya ga dama yake cajin kamfanoni, su kuma su ɗora wa jama'a. Inda kamfanonin inshora suke da yawa, gasa na karya farashi. Shi ya sa jihohi masu ƙarancin mutane irin Wyoming da Alaska suke cikin masu tsada. Maryland da abokinka yake, tun 2019 jihar ke taimaka wa kamfanoni biyan kuɗin masu jinya mai tsada, farashi ya sauka.

Amma ka ajiye farashin da ka gani a allo tukuna, domin ba lalle shi za ka biya ba. Tallafin gwamnati ana auna shi ne da abin da kake samu a shekara, a gwada da farashin tsari na biyu mafi arha a matakin Silver, wato matsakaicin mataki, a yankinka. In yankin mai tsada ne, tallafin ma sai ya ƙaru. Mutum biyu masu samu ɗaya, ɗaya a wuri mai tsada ɗaya a mai arha, abin da ke fita daga aljihunsu kan zo kusa da juna. Wanda tsadar wuri ke dannewa shi ne wanda samunsa ya haura ninki huɗu na ma'aunin talauci na gwamnatin tarayya. Daga 2021 an sassauta wannan iyaka, amma sassaucin an tsara shi ne zuwa ƙarshen 2025, don haka kada ka yi lissafi da abin da wani ya biya a shekarun can.

Akwai rami a ƙasa kuma. Texas ba ta faɗaɗa Medicaid ba, wato inshorar gwamnati ta masu ƙaramin ƙarfi, haka Georgia da Florida. Ka ajiye aiki, samunka ya faɗi ƙasa da ma'aunin talauci, kana iya rasa tallafin, ka kuma rasa Medicaid, ka zauna ba tsuntsu ba tarko. A New York mai irin wannan samu Medicaid ce za ta ɗauke shi. Ni da a ce ni ne, ba zan sallami ɗakina na Bronx ba sai na shiga HealthCare.gov, shafin gwamnati na sayen inshora, na sa lambar ZIP (lambar gidan waya) ta unguwar ɗana, da shekaruna, da abin da nake sa ran samu a shekara. A duba kuma ko likitan ƙashi da asibitin kusa da gidan suna cikin tsarin, ga mai ciwon gwiwa wannan ba ƙaramin abu ba ne.

In inshorar aiki ta yanke, kana da kwana 60 ka shiga sabuwa ba sai lokacin rajista ya zagayo ba. Akwai kuma COBRA, wadda ke barinka a kan ta kamfanin har wata 18, sai dai kai za ka biya duka, har da kason da kamfani ke biya maka a da.

Batun tafiya gida, ba zan hana ka ba, iyali da zumunci ba abin wasa ba ne. Sai dai Medicare, inshorar gwamnati da ake shiga in an cika 65, ba ta biyan jinya a Kano ko Maraɗi. Idan ka yi aikin shekara 10 kana biyan haraji, Sashen A na kwanciya asibiti kyauta ne a 65. Sashen B na ganin likita ana biya, dala 185 a wata a 2025, kuma ƙofar rajistarsa wata bakwai ce: uku kafin watan haihuwarka, watan kansa, da uku bayansa. In ta wuce ka kana gida, za a ƙara maka kashi 10 cikin ɗari kan kowace cikakkiyar shekara da ka makara, kuma ƙarin ba ya sauka. Idan Hajiya kuma giringkat, wato katin zaman dindindin, take riƙe da shi, kada ta haura shekara a waje ba tare da ta nemi takardar izinin dawowa tun kafin ku tashi ba.