Furosesa takwas, me ya sa ɗaya ce kawai ke aiki?

Tambaya: Malam, kwamfutata furosesa (wato ƙwaƙwalwar da ke gudanar da ayyuka a cikinta) takwas gare ta, amma da na kunna wata tsohuwar manhajar lissafi sai in ga ɗaya ta cika maƙil, sauran bakwai suna zaune. Laifin Windows ne?

Amsa: Ɗan'uwa, da wuya ya zama laifin Windows. Babbar manhaja, wato irin su Windows da Linux, tana da wani sashe mai rabon aiki. Shi ke duba ayyukan da ke jira, ya ba kowace furosesa nata, in wata ta yi nauyi ya rage mata. Amma abin da ya zo masa a rarrabe kaɗai yake iya rabawa. Idan wanda ya rubuta manhajarka ya jera aikin a layi ɗaya, kowane mataki sai ya jira na gabansa, to ko furosesa ɗari ka ba ta, ɗaya za ta ɗauka.

Masanin kwamfuta Gene Amdahl ya yi bayanin wannan tun 1967. A ce kashi 10 cikin ɗari na aiki ba ya rabuwa: furosesa takwas ba za su ninka maka sauri sau takwas ba, sau 4.7 za ka samu, kuma duk yawan da ka ƙara ba za ka wuce sau 10 ba.

Ita kanta babbar manhajar sai da ta sha wuya kafin ta iya wannan rabo. Windows NT ta iya tun 1993, amma Windows 95 da 98 furosesa ɗaya kawai suka sani. Linux ta fara a siga ta 2.0, a 1996. Matsalar ita ce duk furosesocin ma'ajiya ɗaya suke rubutu a ciki. Biyu suka taɓa bayani ɗaya a lokaci guda, sai ya lalace, kuma irin wannan kuskure yana da wuyar kamawa domin ba kullum yake fitowa ba. Maganin farko da Linux ta yi shi ne makulli guda babba: furosesa ɗaya ce ke shiga zuciyar manhajar, sauran su tsaya a ƙofa. Bayanai sun tsira, sauri ya tafi. Shekara goma sha biyar aka yi ana sauya shi da ƙananan makullai, sai a 2011 aka cire shi gaba ɗaya. A ganina, wannan aiki na haƙuri ya fi ƙera furosesocin kansu cancantar yabo.

Wani abin kuma, mai rabon aiki ba ya son yawan ɗauke aiki daga wannan furosesa zuwa waccan, saboda kowace tana da 'yar ma'ajiyarta ta kusa mai sauri, kuma ƙaura na sa a sake cika ta.

Ka gwada buɗe manhajoji da yawa a tare. In ka ga takwas ɗin duk sun motsa, Windows ɗinka lafiya take, sai ka nemi sabuwar sigar waccan manhajar wadda aka rubuta don ta raba aikinta.