Hurricane a filin jirgin Kano: wane fenti ne a jikinsa?

Tambaya: Ina da tsohon hoto marar kala na jirgin yaƙi samfurin Hurricane, an ce a Kano aka ɗauka lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Ta yaya zan gane launin fentinsa?

Amsa: Malam, zancen Kano ba abin mamaki ba ne. Daga 1940 aka riƙa haɗa waɗannan jirage na Ingila a Takoradi, tashar jirgin ruwa da ke Ghana ta yau, su biyo ta Legas da Kano da Maiduguri da Khartum zuwa Masar.

Kada ka fara da duhu ko hasken fentin, nan mutane ke faɗawa rami. Fara gano shekarar. Dubi tambarin zobba da ke gangar jirgin: ja a tsakiya, sai fari, sai shuɗi, sai rawaya. Zoben rawaya na waje an ƙara shi a Mayun 1940. In rawayan da farin masu faɗi ne, hoton bai wuce tsakiyar 1942 ba. In sun sirance kamar zare, bayan nan ne. Haka farin layin tutar da ke wutsiya.

Sai fim. Akwai tsohon nau'i da ake kira otokuromatik, wanda ba ya ganin ja, rawaya ma baƙi-ƙirin yake fito da ita, shuɗi kuma ya koɗe. In ka ga zoben waje ya yi duhu, to da irinsa aka ɗauka, kuma duk launukan hoton sun sauya zama.

Yanzu fentin. Jiragen farko da yawa sun iso da kalar Ingila, kore mai duhu da ruwan ƙasa. A hoto, biyun kan kusa narkewa cikin juna, sai ka ƙura ido za ka ga iyakarsu. Fentin hamada na 1941 kuwa, ruwan ƙasa da launin rairayi, ƙasan jirgin shuɗi mai haske, bambancinsa a fili yake. Sai dai rana da ƙura kan cinye kore har ya yi kama da na hamada, don haka ka duba inuwar ƙarƙashin wutsiya, inda fenti bai koɗe ba. Matatar ƙura a ƙasan hanci shaida ce kawai cewa an shirya jirgin don ƙasar zafi, ba ta faɗin launi.

Kusa da wutsiya akwai lambar jirgi, baƙar fenti mai tsawon inci 8. Ka sa gilashin ƙara girma ka karanta ta, domin da ita ake gano masana'anta da lokacin ƙira. Hotunan da aka yi wa kala da kwamfuta kuwa, kintace ne, kada ka kafa hujja da su.