Faranti, Sakaina da Tsagewar Bango

Wani malamin sakandare mai koyar da labarin ƙasa ya aiko da tambaya a kan kalmar da ta dace da manyan sassan ɓawon duniya masu motsi, da ƙananan da ke maƙale a tsakaninsu, sannan ko akwai karin maganar da za ta fayyace wa ɗalibai yadda ƙasan teku ke faɗaɗa.

Malam, na ga ana rubuta "faranti", kuma ba zan hana ba, sai dai faranti abu ne cikakke mai gyararren gefe, alhali waɗannan sassa ɓarori ne na abin da ya fashe. Na fi son "ɓangare" ga manya, ga ƙanana kuwa "sakaina", wato gutsuren fasasshiyar ƙwarya. Sakainar da ke kusa da Tsibirin Ista na Tekun Fasifik, a tsakanin ɓangaren Fasifik da na Nazka, wanda ke yamma da Kudancin Amurka, juyawa take yi a wurinta, kamar yadda tsinke ke juyawa idan aka murza shi tsakanin tafin hannu biyu. Amma a ja kunnen ɗalibai, domin jin kalmar zai sa su hango abu yana yawo a kan ruwa, alhali abin da ke ƙarƙashinta dutse ne mai tsananin zafi wanda ke malala sannu a hankali.

Karin maganar da ta dace ita ce: sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ana faɗarta ne idan ɓaraka ta auku tsakanin 'yan uwa har bare ya sami kafa, kuma hikimarta tana cikin jerin aukuwar, domin tsagewa ce ke gaba, shiga na biye. Mutane da yawa suna zaton narkakken dutse ne ke ture ɓangarorin, alhali galibi nauyin tsohon gefensu mai sanyi, wanda ke nutsewa cikin ƙasa a can nesa, shi ke jan su. Idan suka rabu sai narkakken dutsen ya taso ya cike tsagar, ya daskare ya zama sabon ƙasan teku. Harry Hess, wani Ba'amurke masanin duwatsu, ya wallafa bayanin wannan faɗaɗar a 1962. A tsakiyar Tekun Atlantika tana tsakanin santimita 2 zuwa 5 a shekara, kusa da Ista kuwa tana kaiwa wajen 15.

Kalmar "yaɗuwa" kuwa, ko da an so a yi amfani da ita ga ƙasan teku, a bar wa wuta da labari. Nan "faɗaɗa" ce ta dace, tun da sabon fili ne ke ƙaruwa.