Abin da ya sa ba ma kaurara tantanin na'urar auna matsi

Ɗana, ka tambaye ni dalilin da ya sa muke yin tantanin ƙarfen da ke bakin na'urar auna matsi siriri haka, alhali wurin da za a kafa ta akwai zafi da girgiza da ruwa mai cin ƙarfe, kuma ka ce a ganinka da an ƙara masa kauri da ya fi daɗewa. Tambayar tana da kyau, amma amsarta tana farawa ne daga abin da na'urar take aunawa, domin wanda bai fahimci wannan ba zai ƙera abu mai ƙarfi wanda ba ya jin komai.

Idan ana son sanin yawan ruwa ko gas ko tururin da ke gudu a cikin bututu, ɗaya daga cikin tsofaffin hanyoyi ita ce a ƙuntata masa hanya, ko dai da faranti mai huda a tsakiya ko da bututun Venturi, sannan a auna matsi kafin ƙuncin da kuma bayansa. A inda hanya ta ƙuntata gudu yana ƙaruwa, matsi kuma yana raguwa, kamar yadda Daniel Bernoulli ya bayyana tun 1738, kuma ƙa'idar ISO 5167 ita ce ta tsara yadda ake yanka farantin da inda ake huda bututun. Abin da nake so ka riƙe shi ne cewa bambancin matsin ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudun. Idan gudu ya ninka sau biyu, bambancin yana ninkawa sau huɗu, idan kuma gudu ya sauko zuwa kashi 10 cikin 100, bambancin yana komawa kashi 1 cikin 100 kacal. Ka ɗauka an saita na'ura a kan bambancin matsi na miliba 250 (miliba ƙaramin ma'aunin matsi ne) a cikakken gudu. A kashi 10 na gudun, abin da za ta ji miliba 2.5 ne, wato nauyin ruwan da tsayinsa bai kai santimita 3 ba, kuma tana iya yin wannan aikin ne a bututun da matsin cikinsa ya kai bar 100, wato miliba 100,000, wanda yake danna ɓangarorinta biyu a lokaci guda.

To, a nan kauri yake cutar da mu. Taurin tantani yana ƙaruwa ne da kaurinsa sau kaurinsa sau kaurinsa, ma'ana idan ka ninka kaurin sau biyu, tantanin zai yi tauri sau takwas. Aikinsa kuwa irin na dodon kunne ne: ya raba abin da ke waje da abin da ke ciki, ya kuma miƙa ɗan motsin da ya same shi ba tare da ya cinye shi ba. A bayansa ana cika man silikon bayan an zuƙe iska gaba ɗaya, man kuma shi ne yake kai matsin ga ainihin abin da ke ji, wanda ko dai ɗan guntun silikon ne da juriyarsa ga lantarki take sauyawa idan ya lanƙwasa, ko kuma wani tantani na tsakiya da ke motsi tsakanin faranti biyu na lantarki. Man nan yana kumbura da zafi yana tsukewa da sanyi. Tantani mai laushi yana ba shi wuri ya kumbura, mai tauri kuwa yana turjewa, sai turjiyar ta zama matsin ƙarya, sifirin na'urar, wato abin da take nunawa idan babu bambancin matsi, ya riƙa yawo tsakanin dare da rana. Shi ya sa kaurinsa yawanci bai wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, kuma ake yi masa zobba masu tudu da kwari domin ya ƙara laushi.

Kariyar da kake nema ana samo ta ne ta wasu hanyoyi. Game da matsi mai yawa da zai faɗo wa ɓangare ɗaya, misali idan wani ya buɗe bawul ba bisa tsari ba, ana sassaƙa jikin ƙarfen da ke bayan tantanin da siffar zobbansa, ana kuma auna yawan man, ta yadda tantanin zai kwanta a kan ƙarfen ya tsaya kafin matsin ya kai ga fasa guntun silikon ɗin. Game da cin ƙarfe kuwa, zaɓin ƙarfen shi ne magani, domin abin da yake cin ƙarfe zai huda mai kauri ma, sai dai ya ɗan ƙara lokaci. Ƙarfe mara tsatsa na 316L ya isa a yawancin wurare, amma ruwa mai gishiri da zafin da ya haura digiri 60 yana iya tsattsaga shi, sai a koma ga Hastelloy C-276. Tantalum yana jure asid masu zafi da yawa, amma asid ɗin haidurofulorik da soda mai ƙarfi suna cinye shi, kuma a wurin wancan asid ɗin Monel ake nema. Inda akwai gas mai guba na haidurojin salfaid, kamar a rijiyoyin mai, ana bin ƙa'idar ISO 15156. Haidurojin shi kansa yana ratsa tantanin ya taru a cikin man ya zama kumfa, don haka ake shafa wa tantanin zinariya. Idan kuma iskar oksijin ce a bututun, ba a sa man silikon, sai man da ba ya kama wuta.

Ni a wurina, rabin ƙirar tana wajen na'urar ne, a ƙananan bututun da ke kawo mata matsi, kuma a nan ne na fi son ka sa ido. Idan gas ake aunawa, na'urar tana zama sama da babban bututu domin ruwan da ya taru ya gangara ya koma, idan ruwa ne tana zama ƙasa domin kumfa ta hau ta fita. Tururi kuwa ba a bari ya taɓa ta, domin kayan lantarkin da ke kanta ba su cika jure fiye da digiri 85 ba, sai a bar shi ya zama ruwa a cikin bututun biyu, kuma dole tsayin ruwan ya zama ɗaya. Bambancin santimita 1 tsakaninsu kusan miliba 1 ne, wanda a misalinmu na miliba 2.5 zai karkatar da lissafin gudu da kusan kashi 18 cikin 100. Idan ruwan mai kauri ne ko mai daskarewa, ana kai tantanin bakin babban bututun a haɗa shi da na'urar ta siraran bututu masu mai, waɗanda za su zama tsayi ɗaya, a ɗaure su tare, kada rana ta doki ɗaya ta bar ɗaya.

Saboda haka kafin ka zana komai ka nemi sanin abin da ke gudu a bututun, da zafinsa mafi yawa da mafi ƙanƙanta, da matsinsa, da mafi ƙarancin gudun da ake son a auna, har da sinadarin da ake wanke bututun da shi, domin sau da yawa shi ne yake cin tantanin. Bayan an kafa na'urar, ka rufe bawul ɗin ɓangaren ƙaramin matsi, sannan ka buɗe wanda ke daidaita ɓangarorin biyu, ka saita sifiri a ƙarƙashin matsin aiki na gaskiya, ka kuma tabbata tana ba da miliamfiya 4 a lokacin, wato siginar lantarkin da ke nufin sifiri, domin sifirin da aka saita a kan teburin gwaji yakan gusa idan matsin bututu ya hau kanta.