Saura kwana shida a yi mini tiyatar nono, ga ciwon maƙogwaro bai gama sakina ba

Tambaya: Assalamu alaikum. An sa mini ranar tiyatar ƙara girman nono, za a saka mini jakar silikon, saura kwana shida. Kwana huɗu ke nan ina shan amoxicillin saboda ciwon maƙogwaro. Zazzaɓin ya sauka, sai ɗan tari da zafi idan na haɗiye yawu. Shin sai na faɗa wa likita, ko in yi shiru tunda na fara samun sauƙi?

Amsa: Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, Allah Ya ƙara sauƙi. Ki kira asibitin yau, kada ki bari sai safiyar ranar. Mu a ganinmu, yadda kika bayyana jikinki, ɗaga ranar ya fi. Ga dalili.

Wannan tiyata galibi da cikakkiyar allurar barci ake yin ta, sannan a zura bututu ta baki domin ya riƙe miki numfashi. Bututun nan ta kan wurin da ke ciwo zai bi. Maƙogwaron da bai daɗe da kumburi ba saurin harzuƙa gare shi: ana taɓa shi sai igiyoyin murya su ɗaure su toshe hanyar iska, ko ƙananan hanyoyin huhu su tsuke, iskar oksijin ta ragu a jini. Wannan saurin harzuƙa yakan kai mako shida bayan mutum ya ji ya warke. Saboda haka likitan allurar barci ne zai yanke hukunci na ƙarshe, ba likitan tiyata kaɗai ba.

Abin da ya fi damun mu ma shi ne jakar kanta. Silikon baƙo ne a jiki, jini ba ya gudana a cikinsa, don haka garkuwar jiki da magani ba sa isa gare shi yadda suke isa ga nama. Idan ƙwayar bakteriya ta samu ta manne a bayansa, sai ta lulluɓe kanta da wani irin yauƙi da magani ke kasa ratsawa. Daga nan nono ya kumbura, ya yi ja, ya yi zafi, ɗinki ya fara tsatsar mugunya. Sau da yawa ba makawa sai an cire jakar, a jira wata uku zuwa shida kafin a sake sakawa. Ko da cutar ba ta fito fili ba, ana danganta irin waɗannan ƙwayoyi da taurin tantanin da jiki ke yi wa jakar, har nono ya ƙanƙance ya sauya siffa. Allurar maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake yi cikin awa ɗaya kafin a fara yanka ba ta maye gurbin warkar da ciwon da ke jiki.

Sai tari. Tari mai ƙarfi a kwana biyun farko yana jijjiga ƙirji, yana iya buɗe ƙaramar jijiyar jini da aka ƙone lokacin tiyata don tsayar da jini, jini ya taru a gefe guda, a koma ɗakin tiyata a kwashe shi.

Idan bakteriyar streptokokus ce ta kama ki, amoxicillin na kwana 10 ake sha. Ki shanye shi duka ko da kin ji garau. Lissafinki ya nuna ranar tiyatar ce za ki haɗiye ƙwayar ƙarshe, jiki bai samu hutu ba ke nan. Likitoci da dama suna son a ƙara kamar mako biyu bayan alamun sun ɗauke gaba ɗaya. Idan ciwon ya sauka ƙirji, ana fitar da kaki kore ko numfashi na yin ƙara, sai mako huɗu zuwa shida.

Idan kin kira, ki faɗa musu ranar da ciwon ya fara, sunan maganin da yawan da kike sha, ranar da zafin jikinki ya kai digiri 38 na ƙarshe, da ko tarin busasshe ne ko mai kaki. Ki ambaci duk abin da kika sha don zafin maƙogwaron. Mutane kan manta da wannan, alhali asfirin yana hana jini daskarewa har kusan mako guda, ibuprofen ma yana taɓa jini. Farasitamol ya fi aminci a wannan tsakanin. Maganin gargajiya ma ki ambace shi, taba kuma a daina ta aƙalla mako huɗu kafin aikin.

Kafin nan, idan bakinki ya ƙi buɗuwa sosai, yawu na zuba, murya ta shaƙe, gefe ɗaya na maƙogwaro ya kumbura, ko numfashi ya yi miki wuya, wannan ba maganar ɗaga tiyata ba ce kuma. Mai yiwuwa mugunya ce ta taru a ciki, ki tafi sashen gaggawa nan take.