Wane lensi mai zum zan saya da kuɗi kaɗan?

TAMBAYA: Assalamu alaikum malam. Ina da kyamara Canon 2000D, tare da lensin da ta zo da shi, 18-55mm. Ƙanena yana buga ƙwallo, ni nake ɗaukarsa hoto daga bakin fili, amma kullum sai ya fito ɗan mitsitsi kamar tururuwa. Haka kuma in ana taro a cikin ɗaki da dare, hotunan sukan fito dishi-dishi. Na ɗan tara kuɗi, ba masu yawa ba, an kuma nuna mini lensi uku: 75-300mm, da 55-250mm, da 18-200mm. Zuciyata ta fi karkata ga 75-300 don shi ya fi kai nesa kuma ya fi araha. Abokina kuwa cewa ya yi in ɗauki 18-200 in huta da cire wannan in ɗaura wancan. Wanne ka ga ya dace?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Bari in fara ba ka amsar, dalilai su biyo baya. A cikin ukun nan ka ɗauki 55-250mm, kuma ka tabbata an rubuta IS STM a jikinsa (IS na'urar hana rawar hannu ce, STM kuma irin injin da ke kama saiti ne). Sai dai ka sani tun yanzu, matsalar filin ƙwallo kaɗai zai raba ka da ita. Ta taron dare ciwo ne daban, kuma babu ɗaya daga cikin ukun da ke da maganinsa. A nan ne masu fara hoto suka fi yin asarar kuɗi, wajen neman lensi guda mai araha da zai jawo na nesa kuma ya gani a duhu. Akwai mai yin duka biyun, irin 70-200mm f/2.8, amma kuɗinsa ya ninninka na kyamararka, nauyinsa kuma ya kusa kilo ɗaya da rabi.

Lambobi iri biyu ne a jikin kowane lensi. Masu mm su ne ke gaya maka faɗin abin da zai gani: ƙaramar lamba ta kwaso fili da yawa, babba ta jawo abu kusa. Kyamararka mai ƙaramin sensa ce (farantin cikinta da ke karɓar haske ya zama hoto), wanda ake kira APS-C, saboda haka a Canon ana ninka lambar sau 1.6 in ana son a kwatanta da kyamara mai babban sensa. Ka ga 250mm a wurinka tamkar 400mm ne a wurin mai babbar kyamara. Wannan nisa ne mai yawa, ya ishe ka ka cika hoto da ɗan wasan da ke rabin filin da kake tsaye.

Lamba ta biyu, mai f a gabanta, ita ce mutane ke tsallakewa, alhali ita ce ke sa lensi tsada ko araha. Faɗin ƙofar da haske ke bi ya shiga take nunawa, kuma lissafinta a juye yake: in lambar ta ƙanƙanta, ƙofar ta buɗe. Daga f/4 zuwa f/5.6 rabin hasken ya tafi. Daga f/2.8 zuwa f/5.6 kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai ya rage maka. In ka ga an rubuta f/4-5.6, ana nufin ƙofar tana tsukewa da kanta yayin da kake murɗa zum. Lensinka na yanzu f/3.5 yake a 18mm, amma kafin ka kai 55mm ya koma f/5.6. Shi ya sa in ka jawo fuskar mutum a cikin ɗaki sai kyamara ta rage saurin ƙiftawarta don ta tara haske, mutumin ya ɗan motsa, hoto ya jagule.

Yanzu mu zo kan 75-300 da zuciyarka ke so. Na fahimci abin da ya ja ka, 300 ya fi 250, kuɗin kuma ya fi sauƙi. Amma samfurin da ya fi yawo a hannun mutane, mai III a ƙarshen sunansa, tun 1999 ya fito, zamanin da yawancin masu hoto fim suke sa wa kyamara. Ba shi da na'urar hana rawar hannu. Tun daga wajen 200mm hotonsa ke fara laushi, a 300mm kuma za ka riƙa ganin wani zare shuɗi-ja yana bin gefen duk wani abu fari da rana ta haska. Ɗauki ɗan wasa mai farar riga ka faɗaɗa hoton a kwamfuta, za ka ga zaren nan ya bi kafaɗarsa har wuya. Ga shi ba ya kama saiti in abu bai kai mita ɗaya da rabi daga gare ka ba.

Shi kuwa 55-250mm IS STM a 2013 ya fito, don irin sensarka aka ƙera shi, nauyinsa giram 375, yana kama saiti daga santimita 85, injinsa kuma ba ya yin ƙara, abin da zai yi maka daɗi in kana ɗaukar bidiyo. Har ƙarshen zum ɗinsa hotonsa tas yake. Batun 50mm ɗin da za ka rasa kuwa, kada ya dame ka. Bambancin 250 da 300 kashi 20 cikin 100 ne kawai. Kyamararka tana da megafiksel 24. In ka yanke hoton 250mm ya yi daidai da na 300mm, kusan 17 za su rage maka, kuma hoton da aka yanke daga lensi mai kaifi ya fi cikakken hoto mai laushi kyau. Abin lura ɗaya: 55-250 iri uku ne. Akwai na farko na 2007, akwai mai II na 2011, sannan STM. Biyun farko ba su da laifi, amma STM ya fi su, kuma a kasuwar na hannu ratar kuɗinsu ba ta da yawa. Ka karanta rubutun jikin lensin da idonka kafin ka biya.

Game da IS ɗin nan, ina so ka fahimci iyakarsa don kada ka ɗora masa abin da ba nasa ba. Akwai tsohuwar ƙa'ida a wurin masu hoto: in da hannu kake riƙe da kyamara, kada saurin ƙiftawa ya gaza ɗaya bisa tsawon lensin. A 250mm, wato 400mm in an ninka, kana bukatar 1/400 na daƙiƙa. IS na iya sauko da kai wajen 1/50 hoto bai yi rawa ba. Rawar hannunka yake tsayarwa. Ƙafar ƙanenka da ke gudu ba ruwansa da ita, wannan sai 1/500 zuwa 1/1000. Abin farin ciki, da rana tsaka haske ba ya ƙaranci: a f/5.6 da ISO 100 (ISO shi ne ma'aunin ƙarfin jin haske na sensa) za ka samu wajen 1/800. In la'asar ta yi sanyi ka ɗaga ISO zuwa 400 ko 800 ba tare da fargaba ba. To ina amfanin IS a fili? Yana tsayar da abin da kake gani ta mahangin kyamara, ka iya bin ɗan wasa ba tare da hoton yana tsalle a idonka ba, kuma ranar da za ka ɗauki tsuntsu a reshe ko mai jawabi a kan mumbari za ka gode masa.

Shawarar abokinka ma ba ta banza ba ce. Mai tafiya da ƙaramar jaka, ko wanda ke aiki inda ƙura ta yi yawa har ba ya son buɗe bakin kyamara, 18-200 zai yi masa rana. Amma lensin da ya tashi daga 18 zuwa 200 ya ninka kansa sau 11, kuma mai ƙira ba zai iya gyara gilasan ciki su yi daidai a ko'ina ba. A 18mm layin bango yakan lanƙwashe kamar cikin randa, a 200mm kaifi ya ragu, hasken kuma dai f/5.6 ne. Dubi lensin ƙwararru, 24-70 da 70-200, duk ba su kai ninki uku ba, kuma da gangan aka yi su haka. Kai da kake da 18-55 a hannu, in ka sayi 18-200 ka sake biyan kuɗin abin da ka riga ka mallaka, ka kuma tsaya a 200 maimakon 250. Lensinka ya ƙare a 55, 55-250 ya fara daga 55, babu giɓi a tsakani.

Taron dare kuwa haske yake so. In lallai zum kake bukata, nemi 17-50mm f/2.8 na Sigma ko na Tamron, na hannu. Ƙofarsu ba ta tsukewa, f/2.8 ce daga farko har ƙarshe. Inda lensinka ke ba ka 1/30 a 55mm, wannan zai ba ka kusan 1/125, kuma tsakanin waɗannan biyun ne fuskar mai dariya ke fita ko ta ɓaci. In kuwa za ka iya haƙura da rashin zum, ka riƙa matsawa da ƙafarka, 50mm f/1.8 STM na Canon ya fi su araha nesa ba kusa ba, hasken da yake sha kuma ya kusa ninka na f/5.6 sau goma. A ƙaramin ɗaki yakan matse, don tamkar 80mm yake a kyamararka, amma wajen ɗaukar fuska ban san abin da ya kai shi a kuɗinsa ba. Wanne za ka fara saye? Buɗe hotunanka na wata uku da suka wuce a kwamfuta, kowane hoto yana ɗauke da bayanin mm da saurin da aka ɗauke shi. In waɗanda suka ba ka haushi yawancinsu a 55mm suke da rana, nisa kake nema. In na dare ne masu 1/20 da 1/30, haske ne.

Ga masu karatu da ba Canon ke hannunsu ba, ku fara duba bakin kyamara kafin komai, don kowane kamfani da irin mahaɗinsa. Ko a Canon ɗin mahaɗi iri-iri ne: lensin EF-S, irin 55-250, ba ya hawa kyamarar EF mai babban sensa, na RF da aka fara a 2018 kuma ba ya hawa irin ta mai tambaya sam. A Nikon, AF-P DX 70-300mm na 2016 shi ne takwaran wanda na zaɓa, amma iri biyu ne, mai VR da marar VR, kuma tsofaffin kyamarori irin D3100 da D3200 ba sa aiki da shi. Na'urar hana rawa kowa da sunan da ya raɗa mata: IS a Canon, VR a Nikon, OSS a Sony, VC a Tamron, OS a Sigma.

Tunda kuɗinka kaɗan ne, na hannu zan ce ka nema, don lensi ba ya tsufa da wuri kamar kyamara. Amma ka je da kyamararka da tocila. Na taɓa sayen wani zum a hannun wani mutum, jikinsa fes ba ƙwarzane, na gwada a inuwa na ga lafiya. Sai da na fita rana na ga kowane hoto kamar an ɗauke shi ta bayan labule. Da na haska tocila ta baya na leƙa ta gaba, sai ga funfuna ta yi saƙa kamar yanar gizo-gizo a gilashi na ciki, kuɗin wankinta ya kusa na lensin. Tun ranar ban ƙara sayen lensi ban haska shi ba. 'Yar ƙura a ciki ba komai ba ce, kusan kowane zum yana da ita, ba ta fitowa a hoto. Funfuna da hazo su ne abin gudu, sai ƙwarzane a gilashin baya, wanda ya fi na gaba illa.

Bayan nan ka ɗaura shi a kyamara ka murɗa zum daga farko zuwa ƙarshe, ka ji ko yana cijewa a wani wuri. Ka sa shi ya kama abu na kusa, sannan na nesa, sau da yawa, a 55mm da 250mm. Ka danna maɓalli rabi a 250mm kana kallo ta mahangi: in IS yana aiki za ka ga hoton ya natsu cikin daƙiƙa guda. Kada ka tsorata in ka murɗa zoben saiti kyamara tana kashe ka ga bai yi komai ba, haka STM yake, sai da wuta yake motsi. A ƙarshe ka tsaya daidai gaban bango mai bulo ko wani allo mai rubutu, ka ɗauka a f/5.6, ka faɗaɗa kusurwoyi huɗun ɗaya bayan ɗaya. In uku sun fito ɗaya ta yi dishi-dishi, lensin ya taɓa faɗuwa ko gilashinsa ya goce, ka mayar wa mai shi. In ya tsallake wannan duka, ka tambaya ko akwai hularsa ta tare rana, don Canon ba ya haɗa ta a kwalin wannan lensin, kuma a fili da yamma, rana tana fuskantarka, za ka bukace ta.