Tambayi Likita: Shin Cikar Wata na Tayar da Ciwo?

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ɗana mai shekara 11 yana da farfaɗiya. Kakarsa ta ce da zarar wata ya kai sha huɗu sai ya faɗi. Watan ne ke tayar masa? (Wata uwa daga Tibiri)

Amsa: Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Wata ba ya tayar da farfaɗiya. Abubuwan da suka fi tayar da ita uku ne: tsallake magani, ƙarancin barci da zazzaɓi. Ki lura da yadda daren farin wata yake: yara na dandali har sha ɗaya, su shigo a gajiye, a manta da ƙwayar dare, da asuba kuma a tashe su makarantar allo. Kwana biyu zuwa uku a haka sun isa. Ga wani abu kuma: idan maganin kwana 30 kike saye, kika fara shi a tsakiyar wata, to a tsakiyar wata zai riƙa ƙarewa, tunda watanmu 29 ne ko 30. Kafin a haɗa kuɗi a je farmasi an yi kwana biyu babu, sai a ɗora wa wata laifi.

Ki sami ɗan littafi. Duk ranar da ya faɗi ki rubuta nawa ga wata, ƙarfe nawa ya kwanta, ya sha magani ko bai sha ba, jikinsa da zafi ko babu. Bayan wata uku ki kai wa likitansa. Magani irin fenobarbital ba a yanke shi lokaci guda, yin hakan na iya jawo faɗuwa mai tsanani. Idan ya faɗi, a kwantar da shi a gefensa, a nisanta shi da murhu da rijiya, kada a cusa masa cokali ko a ɗura masa ruwa. Jijjigar ta wuce minti 5, a kai shi asibiti. Miyaunsa ba ya sa wa kowa ciwon.

Tambaya: Na ji wata na jan ruwan teku. Tunda jikin mutum yawanci ruwa ne, ba shi ke rikita masu taɓin hankali ba? (Wani ɗalibi daga unguwar Zariya)

Amsa: Malam, teku na tashi ne saboda jan wata ya bambanta tsakanin wannan gefen duniya da wancan, tazarar kusan kilomita 12,700. Kan mutum bai wuce taƙi guda ba. Ko randar gidanku ba ta motsi. Kuma ƙarfin jan nan ɗaya ne a cikar wata da lokacin da ya ɓuya, amma ba wanda ke zargin duhun wata. A 1985 wasu masana biyu, Rotton da Kelly, sun tattara bincike 37 kan taɓin hankali, laifuka da kiran agaji, ba su ga alaƙar kirki ba.

Barci ne kaɗai ke da ɗan abin dubawa. Wani bincike na 2021 a ƙauyukan Ajantina ya nuna mutane na jinkirta kwanciya a dararen da ke gabanin cikar wata, musamman inda babu lantarki. Shi kuwa rashin barci yana dagula mai taɓin hankali. Idan ya yi kwana biyu bai runtsa ba, surutu ya ƙaru, a kai shi asibiti tun kafin a fara zancen ɗaure shi da mari.

Tambaya: Ungozomarmu ta ce an fi haihuwa a cikar wata. Gaskiya ne? (Mai juna biyu daga Madarunfa)

Amsa: A'a, 'yar'uwa. An duba haihuwa fiye da 500,000 a wata jihar Amurka daga 1997 zuwa 2001, ba a ga bambanci ba. Ki bi ranar da aka lissafa miki a wurin awo. Faya ta fashe, ko kika ga jini, ko ciwon kai mai tsanani da kumburin fuska, ki tafi asibiti ko da wata bai tsaya ba.